Jagorar Warware Wasan Cike Gurbi Mai Ɓoyayyar Ma'ana na Jaridun Birtaniya, da Auna Wahalarsa da Daɗinsa

Duk wanda ya saba buɗe jaridun Birtaniya, irin su Times da Guardian da Daily Telegraph, zai riƙa cin karo da wani zane mai kama da gidan dara, gurabe 15 a kwance, 15 a tsaye, wasu farare wasu baƙaƙe, a gefensa kuma an jera tambayoyi kusan talatin. Turawa suna kiran wannan wasa cryptic crossword, wato wasan cike gurbi wanda aka ɓoye ma'anar tambayoyinsa. Mutum yana iya jin Turanci kamar jakin Kano ya san hanyar kasuwa, amma ya karanta tambayoyin nan gaba ɗaya bai gane ko guda ba, har ya ɗauka cewa shirme ne aka rubuta. Ba shirme ba ne. Kowace tambaya an gina ta ne a kan ƙa'ida, kuma wanda ya san ƙa'idar zai iya tabbatar da amsarsa da kansa tun kafin jarida ta buga amsoshi washegari.

Wasan cike gurbi na farko ya fito ne a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma wanda ya tsara shi, Arthur Wynne, haifaffen Libaful ne. Amma salon ɓoye ma'ana a Ingila ya girma. Edward Powys Mathers, wanda ya yi wa kansa laƙabi da Torquemada, ya fara fitar da irinsa a jaridar Observer a 1926. Jaridar Times ta shigo sahu ranar 1 ga Fabrairu, 1930. Bayan rasuwar Mathers a 1939 sai wani malamin makaranta mai suna Derrick Macnutt ya gaje shi da laƙabin Ximenes, kuma shi ne ya rubuta littafin da ya daidaita dokokin wasan a 1966. Magajinsa Jonathan Crowther, wanda ya karɓa a 1972 da laƙabin Azed, ya taƙaita dokar da cewa tambaya mai kyau tana ɗauke da sahihiyar ma'anar amsa, da wata hanya ta biyu mai adalci da za ta kai mutum ga amsar, ba tare da ƙarin komai ba. A kan wannan doka duk abin da zan faɗa ya ratayu.

Mataki na farko: raba tambaya gida biyu

Abin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne karanta tambaya a matsayin jimla mai ba da labari. Labarin da jimlar take bayarwa ɓad da sawu ne kawai, mai tsarawa ya ɗora shi ne don ya kai hankalinka wani wuri. A ƙarƙashinsa akwai sassa biyu. Sashe ɗaya ma'anar amsa ce kai tsaye, kamar yadda za a same ta a ƙamus, kuma kusan kullum tana zaune ne a farkon tambaya ko a ƙarshenta, da wuya ƙwarai a same ta a tsakiya. Ɗaya sashen kuma umarni ne na yadda za a harhaɗa haruffan amsar. Lambar da ke ƙarshe tana faɗin yawan haruffa, idan kuma an rubuta 3,4 to amsar kalmomi biyu ce, ta farko mai haruffa uku, ta biyu mai huɗu.

Domin a ga yadda abin yake aiki ba tare da shingen harshe ba, na tsara wasu misalai da Hausa a kan tsarin da Turawan suke bi. Ga na farko: "Birni na cikin haɓaka noma (4)". Wanda ya karanta zai ɗauka labarin aikin gona ake ba shi. Amma idan ka yanka jimlar bayan kalmar farko, sai ka ga "birni" ita ce ma'ana, "na cikin" umarni ne cewa amsar tana kwance cikin kalmomin da ke biye, idan kuma ka dubi "haɓaka noma" harafi bayan harafi za ka tarar da KANO a tsakanin ƙarshen kalmar farko da farkon ta biyu. Hanyoyi biyu sun kai ka gida ɗaya: Kano birni ne, kuma haruffansa suna nan inda aka ce suna. Wannan haɗuwa ta hanyoyi biyu ita ce hujjarka, kuma ita ce ta bambanta wasan da kacici-kacicin da muka taso da shi, inda idan an ce "ƙulunƙulufita" sai dai ka san amsar ko ka ba da gari.

Saboda haka aikin farko a kan kowace tambaya shi ne gwada wurin yanka. Ka ɗauki kalmar farko a matsayin ma'ana ka ga ko ragowar za ta ba da umarni mai kan gado, idan ta ƙi sai ka ɗauki kalmomi biyu na farko, idan ta sake ƙi sai ka koma ƙarshen jimla ka yi haka nan.

Mataki na biyu: sanin dabarun harhaɗa haruffa

Dabarun ba su da yawa, wajen goma ne, kuma kusan kowacce tana da kalmomin da ke yi mata hannunka mai sanda. Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce hargitsa haruffa. Misalin Hausa: "Kare ya rikice, ya zama abin zaƙi (4)". Kalmar "rikice" tana gaya maka ka hargitsa haruffan "kare", sai su ba ka RAKE. A Turanci kalmomin da ke nuna hargitsi sun fi ƙarfin lissafi, domin duk kalmar da ke nufin lalacewa ko motsi ko maye ko sabuntawa tana iya yin aikin, irin su broken da drunk da wild da new da cooked da out. Idan ka ga "Listen out, it's quiet (6)", ka ƙirga haruffan listen ka ga shida ne daidai da abin da ake nema, ga kuma out a gefenta, to amsar SILENT ce. Hanyar kama wannan dabara ita ce lura da kalmar da ta zauna a jimla kamar an cusa ta, musamman sunan mutum ko na gari, sannan a ƙirga haruffanta. Ni kan rubuta haruffan a da'ira a gefen takarda, baƙaƙe a waje, wasula a tsakiya, domin muddin suna jere a layi ido ba zai daina karanta tsohuwar kalmar ba.

Dabarar ɓoye amsa cikin jimla mun riga mun gani. A Turanci ana nuna ta da kalmomi irin su some da in da part of da held by. Misali, "Nigerian city in Sri Lanka? No! (4)" yana mayar da mu Kano ɗin dai, wannan karon tsakanin Lanka da No. A nan akwai darasi na dabam, wato alamomin rubutu, da alamar tambaya da waƙafi da manyan haruffa, yawanci ado ne na labarin sama, kuma mai warwarewa yana da damar tsallake su. Jaridu ba sa yawaita wannan dabara, sau ɗaya ko biyu ne a wasa guda, amma abin lura shi ne ita ce ta fi kufce wa ƙwararru, saboda suna can suna neman abu mai zurfi alhali amsar tana kallonsu.

Sai jera gutsattsari, inda ake fasa amsa gida-gida a ba da ma'anar kowane yanki. "Launin jini da dabbar kogi, wakilin ƙasa ne (6)" yana ba da JA da KADA, wato JAKADA. Haka nan "Vehicle with favourite floor covering (6)" yana ba da CAR da PET, su haɗu su zama CARPET. Wannan dabara sau da yawa ba ta da kalmar ishara ko kaɗan, don haka idan ka bincika tambaya ba ka ga alamar komai ba, to ka fara zarginta.

Wadda ta fi burge ni ita ce cusa kalma cikin kalma. Dubi wannan: "Dabbar dare ta haɗiye tafi a wurin zama (6)". Hankali zai tafi ga tafin hannu, ya hango wata dabba ta cije wa mutum hannu. Amma "tafi" a nan umarni ne, wato JE, dabbar dare kuma KURA ce, idan kura ta haɗiye je sai a sami KU, JE, RA, wato KUJERA, wurin zama. A nan ne mai tsarawa yake nuna gwanintarsa, domin ya ɗauki kalma mai fuska biyu ya sa ta a inda za ka karanta ta da fuskar da ba ita yake nufi ba, kuma bai yi maka ƙarya ba. Turanci ya cika da irin waɗannan kalmomi da suke suna a wani wuri, aikatau a wani wuri, shi ya sa wasan ya yi ƙarfi a cikinsa. Kalmomin ishara a Turanci sun haɗa da swallowing da holding da around da wearing da entering, kuma wajibi ne a lura da wane ne yake ciki, wane ne yake waje.

Juyawa da baya tana da sauƙin fahimta. "Abu ya juya baya ga mahaifi (3)" yana kama da labarin ɗa mai saɓa wa iyaye, amma idan aka karanta ABU daga dama zuwa hagu sai ya zama UBA. A Turanci "Celebrity sent rodents back (4)" yana juya RATS ya zama STAR. Abin kiyayewa shi ne, idan tambayar ta tsaye ce, ana amfani da kalmomin hawa sama irin su up da rising da climbing, domin amsar daga sama take saukowa, juyinta kuwa hawa ne. Haka kuma kalmar on a tambayar tsaye tana nufin wannan yanki yana bisa wancan.

Akwai yanke kai ko wutsiya ko ciki, kamar "Salula ba kai, abin taunawa ce (3)", inda WAYA ta rasa harafin farko ta koma AYA. Akwai tsintar haruffan farko na jerin kalmomi, ko tsallake harafi ɗaya a ɗauki ɗaya. Akwai kuma ma'ana biyu a jere ba tare da wasan haruffa ba, wadda ake gane ta da gajartar tambaya: "Birni ko abin tuwo (4)" GARI ne, "Wahala a ƙasan kai (4)" WUYA ce, "Left harbour (4)" kuma PORT ne, domin kalmar tana nufin tashar jiragen ruwa, tana kuma nufin ɓangaren hagu na jirgi.

Saura kamancin sauti, wanda ake nunawa da we hear ko reportedly ko on the radio. "Dark period for chess piece, we hear (5)" yana nufin ka furta knight ka rubuta NIGHT. Masu tsarawa galibi suna bin lafazin kudancin Ingila, inda ba a furta harafin r a ƙarshen gaɓa, har fort da fought su zama sauti ɗaya, abin da mutanen Sikotlan suka daɗe suna ƙorafi a kai. Mu da muka koyi Turanci a Najeriya ko Gana wannan bai cika ba mu matsala ba, tunda lafazinmu ma yana sauke r ɗin, kuma ƙa'idar rubutun da aka koya mana ta Birtaniya ce. Idan kuma ka ga sunan Spooner a tambaya, ana nufin wani malamin jami'ar Oksfod da ya yi suna wajen musanya sautukan farkon kalmomi, sai ka musanya su kai ma. Duk wanda ya taɓa yin zaurance yana yaro zai kama wannan da wuri.

Mataki na uku: haddace gajerun alamomi

Wannan shi ne ɓangaren da ba a samun sa da basira kaɗai, sai an koya, kuma shi ne ya fi zama shinge ga wanda bai tashi a Ingila ba. Masu tsarawa suna buƙatar harafi ɗaya ko biyu don cike gini, sai suka tara gajerun alamomi da aka amince da su shekara da shekaru. Matuƙin jirgin ruwa, sailor, yana ba da AB ko TAR. Likita yana ba da DR ko MO ko GP. Ɗalibi ko mai koyo L ne, daga alamar da ake liƙa wa motar mai koyon tuƙi. Lambobin Rumawa suna yawo ko'ina, hamsin L, ɗari C, ɗari biyar D, dubu M. Kalmar love tana ba da O saboda a wasan tanis haka ake kiran sifiri, duck ma O ce daga wasan kurket, wanda ya ba da R da W da ON da sauransu. Quiet yana ba da P, loud yana ba da F, daga alamomin kiɗa. Worker kan zama ANT ko BEE ko HAND. The French yana nufin LE ko LA. Artist kuma RA ne, don haka "Artist in waste container shows mind (5)" yana sa RA cikin BIN a sami BRAIN.

Sai kuma wasu kalmomi da aka murɗe musu wuya da gangan. Na tuna wata tambaya mai kalmar flower da na shafe yini ina jero mata sunayen furanni, daga rose zuwa iris zuwa lily, babu wanda ya zauna, sai da dare ya yi na fahimci cewa abin da yake gudana ake nufi, wato kogi, daga aikatau flow. Na tsara irinta domin mai karatu ya gwada: "African flower needs zero energy (4)". Sifiri NIL ne, energy E ce, amsar kuwa NILE, kogin Nilu. Haka banker kan zama kogi saboda yana da gaɓa, number kan zama maganin kashe zafi daga aikatau numb, lower kan zama saniya daga aikatau low, wato kukan shanu. Ya kamata a san gajerun sunayen kogunan Birtaniya irin su Dee da Exe da Cam da Ouse, domin ba a kwana biyu ba a gamu da ɗayansu ba. Shawarata ita ce ka ware littafi ƙarami, duk alamar da ka ci karo da ita ka rubuta ta tare da tambayar da ka gan ta a ciki, domin haddar jeri tsurarsa ba ta zama a kai kamar haddar abin da ya taɓa wahalar da mutum.

Mataki na huɗu: yadda ake tunkarar zanen gaba ɗaya

Ka fara da wasan da ya dace da matsayinka. Times tana da ƙaramin wasa mai gurabe 13 a kwance da 13 a tsaye mai suna Quick Cryptic tun 2014, Guardian tana da Quiptic da aka yi don sababbin shiga, Observer kuma tana da Everyman ranar Lahadi. A shafin Guardian na intanet ana yin wasannin kyauta, kuma akwai maɓallin duba ko harafin da ka sa daidai ne. Wasannin da ake raba kalmominsu da sanduna maimakon baƙaƙen gurabe, irin su Azed da Mephisto da Listener, a bar su sai an ƙware, domin suna cike da kalmomin da sai a ƙamus ɗin Chambers ake samun su.

Idan ka zauna, kada ka tsaya a kan tambaya ta ɗaya kana kokawa da ita. Ka bi tambayoyin duka da sauri, kowacce ka ba ta kamar rabin minti, kana neman masu sauƙin kamawa: hargitsattsun haruffa, ɓoyayyun kalmomi, gajerun tambayoyi masu ma'ana biyu, da dogayen amsoshi masu kalmomi da yawa, waɗanda tsarin lambobinsu kaɗai kan tona asirinsu. Da zarar ka sami amsa ɗaya, sai ka koma ga tambayoyin da suka gicciye ta, domin a irin wannan zane kusan rabin haruffan kowace amsa suna haɗuwa da wata. Harafin farko ya fi kowane daraja, haka kuma haruffan da ba su cika zuwa ba irin su K da V da Z da J. Yana da amfani ka lura da siffar ma'anar, domin idan ta zo da jam'i amsar ma jam'i ce, idan ta zo da shuɗaɗɗen lokaci amsar ma haka, kuma wannan kaɗai yana iya ba ka harafin ƙarshe.

Dokar da na fi riƙewa da ƙarfi ita ce kada a rubuta amsa da biro sai an iya bayanin kowace kalma da ke cikin tambayar. Sau da yawa kalma takan faɗo maka daga ma'ana da haruffan gicciye, ta kuma cika guraben daidai, amma ba ka ga yadda aka gina ta ba. Irin wannan a rubuta ta da fensir a sa mata alama. Amsa ɗaya ta shaci-faɗi da ta zo ba daidai ba tana iya toshe kusurwa guda ta zane har tsawon awa, kana ta zargin tambayoyin da ba su da laifi. Idan ka ga kusurwa ta ƙi motsi sam, abu na farko shi ne ka koma kan amsoshin da ka sa wa alama a wurin.

Idan kuma komai ya tsaya, ka ajiye takardar ka tashi. Kusan duk mai wannan wasa zai shaida cewa tambayar da ta gagare shi da safe takan buɗe da kanta bayan la'asar, saboda hankali ya saki fassarar farko da ya manne mata. Duba ƙamus don tabbatar da kalmar da ka riga ka gina daga umarnin tambaya ba laifi ba ne, hasali ma a nan ne wasan yake ƙara wa mutum kalmomi.

Mataki na biyar: auna wahala

Masu sha'awar wasan sun saba ba shi maki iri biyu, na wahala dabam, na daɗi dabam, yawanci daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Raba su ɗin nan daidai ne, kuma ina ganin wanda ya cakuɗa su zai daɗe bai san abin da yake so a wasan ba.

Ma'aunin wahala na farko lokaci ne, amma lokacinka kai, ba na wani ba. A 1942 Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin ƙasa da minti 12, har aka gayyaci wasu daga cikin waɗanda suka shiga zuwa aikin fasa saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park, kuma a gasar Times da aka fara a 1970 zakaru irin su Mark Goodliffe suna gama wasa cikin 'yan mintuna. Waɗannan ba su ne abin kwatancenka ba. Ka rubuta lokacin da ka ɗauka a wasanni goma na jarida ɗaya, ka fitar da matsakaicinsu, shi ne tauraro uku a wurinka. Wanda ka gama cikin rabin wannan lokaci tauraro ɗaya ne, wanda ya ninka shi ko ya sa ka nemi taimako tauraro biyar ne. Bayan wata shida sai ka sake lissafi, domin matsakaicin zai sauko.

Lokaci kaɗai bai isa ba, sai an tambayi daga ina wahalar ta fito. Akwai wahalar da ta fito daga gwanintar ɓad da sawu, inda duk kalmomin sanannu ne amma an ɓoye wurin yanka da kyau. Akwai wadda ta fito daga baƙuwar kalma, sunan wani tsiro ko tsohon kuɗi da ba a ji ba sai a ƙamus. Akwai wadda ta fito daga al'adar Ingila, sunan ɗan wasan kurket ko shirin talabijin na shekarun baya, wanda ga ɗan Landan kyauta ce, ga mutumin Zariya ko Maraɗi kuwa dutse ne. Akwai kuma wadda zanen kansa ya jawo, idan aka tsara shi yadda haruffan farko ba sa gicciye da komai, ko kusurwoyi huɗun suka zama kamar wasanni huɗu da ba su haɗu ba sai ta kalma ɗaya. Idan ka rubuta makin wahala, ka ƙara kalma ɗaya da ke faɗin wace iri ce, domin ta haka za ka gane ko ƙwarewarka ce take buƙatar gyara ko iliminka na ƙasar.

Ranar mako da sunan mai tsarawa ma suna da tasiri. Guardian tana buga laƙabin mai tsarawa, kuma shekaru da dama Litinin ranar Rufus ce, wato Roger Squires, wanda aka sani da sauƙi da gajerun tambayoyi har ya yi ritaya a 2017. Times ba ta faɗin wanda ya tsara babban wasanta na kullum. Telegraph kuma ta ƙara wani wasa mai suna Toughie a 2008, wanda na ranar Juma'a ya yi suna da tsauri.

Mataki na shida: auna daɗi

A nan ne nake ganin ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani, domin wasa mai tauraro biyu a wahala yana iya cin biyar a daɗi, mai biyar a wahala kuma ya tashi da ɗaya. Abu na farko da nake dubawa shi ne adalci. Bayan na ga amsa, shin zan iya cewa mai tsarawa ya gaya mini komai, ni ne ban gani ba? Idan haka ne, ko da tambayar ta kayar da ni ina jin daɗinta. Idan kuwa na ga amsar na tarar akwai kalmar da ba ta aikin komai, ko ma'anar ta yi nisa da amsar, ko an ɓoye baƙuwar kalma a bayan hargitsin haruffa yadda babu hanyar sanin inda wasula za su zauna, to wannan wahala ce marar lada, kuma tana rage maki. Ƙa'idar da nagartattun masu tsarawa suke bi ita ce baƙuwar kalma a ba ta umarni mai sauƙi, sananniyar kalma a ba ta mai wuya.

Abu na biyu shi ne kyawun labarin sama. Tambaya irin "Abu ya juya baya ga mahaifi" tana karantuwa kamar maganar da mutum zai faɗa a zaure, kuma wannan santsin ne yake sa tarkon ya kama. Tambayar da ta fito kamar tarkacen kalmomi, wadda babu mai furta irinta a duniya, ko da gininta daidai ne, ba ta da armashi. Na uku shi ne bambancin dabaru, domin wasan da ya tara hargitsin haruffa goma, ko ya yi ta maimaita yanke harafin farko, yana gundura. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, shi ne sau nawa na ce "au, ashe!" a lokacin da tambaya ta buɗe. Idan na sami irin wannan sau uku ko huɗu a wasa guda, ba na jinkirin ba shi tauraro huɗu.

Ya kamata a san cewa masu tsarawa sun kasu a kan yadda ake riƙe doka. Mabiya Ximenes suna tsananta nahawun tambaya, wasu kuma suna sassautawa idan sassaucin zai kawo nishaɗi. Jagoran masu sassauci shi ne John Graham, limamin coci da ya yi wa Guardian aiki daga 1958 da laƙabin Araucaria, wanda ya shahara da wasanni masu jigo guda da dogayen hargitsin haruffa. Kusancinsa da masu warware wasanninsa ya kai ga cewa da cutar daji ta kama shi a maƙoshi, ta cikin wasa ya sanar da su, sunan cutar yana cikin amsoshin, kuma Guardian ta buga wasan a Janairun 2013, shi kuma ya rasu a Nuwambar shekarar yana da shekara 92. Wanda ya yi wasanninsa ya kuma yi na Azed zai gane wane ɓangare zuciyarsa ta fi karkata, kuma yana da kyau ya san haka game da kansa kafin ya yanke wa wani mai tsarawa hukunci.

A ƙarshen kowane wasa sai ka buɗe littafinka ka rubuta kwanan wata, da jarida, da laƙabin mai tsarawa idan an bayar, da mintunan da ka ɗauka, da makin wahala tare da irinta, da makin daɗi, da tambaya ɗaya da ta fi burge ka, a kwafe ta yadda take. A ƙasa kuma ka jera amsoshin da ka sa ba tare da ka gane gininsu ba. Washegari idan amsoshi suka fito, waɗannan za ka fara bi, ka ɗauki kowacce ka ja layi a ƙarƙashin ma'anarta, ka zagaye kalmar ishara, ka rubuta gutsattsarin a gefe har sai babu kalma ko ɗaya a tambayar da ba ka san aikinta ba, sannan ka ɗauki wasan ranar.